Zan tafi Ikko da naira 200,000: za su kai ni su dawo da ni?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Mabera na, nan Sakkwato, shekaruna 26, sana'ata gyaran wayar hannu. Shekara ukku ina sayen kayan gyara hannun masu kawowa, ribar duk wajensu take ƙarewa. Na yanke in tafi Ikko da kaina, kasuwar Computer Village, in sayi kayan aiki, in kuma san diloli ido da ido. Kuɗin kaya daban suke. Na tafiya da ni tara naira 200,000 na. Ina son in yi mako guda, don ban taɓa ganin teku ba, kai ban ma taɓa wuce Kwantagora ba. Akwai ɗan unguwarmu da ka saida albasa kasuwar Mile 12 can Ikko, amma mun shekara biyu ba mu yi waya ba, ina jin nauyin in faɗo mishi haka kawai. Wani aboki ya ce in bi tirelar albasa in rage kuɗin mota. Malam, kuɗin ga suna isa? Mi ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuɗin za su kai ka su dawo da kai, amma ba na mako guda ba ne. Na kwana huɗu ne. Abin da ke cinye aljihun baƙo a Legas ba abinci ba ne, ba kuma kallo ba. Makwanci ne, da nisan da ke tsakanin inda ka kwana da inda za ka wuni. Duk daren da ka ƙara, ka ƙara kuɗin ɗaki, da cin yini, da motoci huɗu ko shida.

Fara da tasha, tun kafin ka sa ranar tafiya. Je ka tambayi kuɗin motar Legas na makon nan, don farashin da wani ya biya watanni uku baya labari ne kawai. A ce, don lissafi, an ce maka 45,000. Cire su. Sannan ka ware 55,000 na dawowa, wato kuɗin motar da ɗoriya, saboda za ka dawo da kaya kuma sai an biya musu nasu kuɗin, ga shi farashi na iya motsawa cikin kwanakin. Waɗannan kuɗin kada su shiga aljihunka ko asusun da kake taɓawa. Ka bar su hannun yayanka ko mahaifiya, a turo maka ana gobe za ka taso. Saura 100,000. Cire 10,000 na abincin hanya zuwa da dawowa da katin waya, cire 20,000 na ko-ta-kwana, irin zazzaɓi ko ɓatan hanya. Abin da ya rage na zaman Legas 70,000 ne. Raba su bakwai, 10,000 ke nan a rana, kuma a ciki za ka kama ɗaki, ka ci, ka hau mota. Ba su yi. Raba su huɗu, 17,500. Yanzu ana iya magana. Idan kuɗin motar da aka faɗa maka ya bambanta da wannan misali, sauya shi ka sake lissafin, tsarin dai ɗaya ne.

Kwana huɗun ga yadda suke zama. Ka bar Sakkwato ranar Lahadi da safe, ka isa Litinin, ka huta. Talata ka zaga kasuwa ba ka sayi komai ba. Laraba ka yi sayayya. Alhamis ka ga gari, don ko ka je kasuwa da sassafe ba za ka samu a buɗe ba: safiyar Alhamis ta tsaftar kasuwanni ce a Legas, shaguna ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe goma. Juma'a ka kamo hanya. Wanda ya isa Asabar ya yi asarar Lahadi, domin yawancin shagunan Computer Village a rufe suke. Ka kuma kauce wa makon Sallah da ƙarshen Disamba, lokacin da kuɗin mota ke tashi, da Yuni da Yuli idan kana da zaɓi, don ruwan Legas kan tsayar da gari cak.

Maganar tirelar albasa kuwa, a bar ta. Hanyar ta haura kilomita 1,000: Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, sannan Legas. Motar fasinja ma kan cinye yini da dare. Tirela mai lodi tana iya yin kwana biyu ko uku, kana saman buhu rana ta dake ka, raɓa ta jiƙa ka, in ta kife kuma ba wanda ke da abin kamawa. Hukumar kiyaye haɗurra ta hana haɗa mutane da kaya, kuma a jihohin Oyo da Ogun jami'an tsaron jiha da ake kira Amotekun sukan tsayar da irin waɗannan motoci su sauke mutane su yi ta tambayoyi. Abin da ka rage na kuɗin mota zai tafi a cin hanya da kwanan da ka yi asara. Shiga motar da ta yi lodi cikin tasha, aka rubuta sunanka da lambar ɗan'uwanka a takardar fasinjoji. Ka fifita wadda za ta tashi da sassafe, ta ratsa yankin Yawuri da Kwantagora da rana tsaka, saboda halin tsaro. Katin shaidar ɗan ƙasa ko takardar NIN ta zauna a aljihun gaba, ba cikin jaka a but ba.

Kafin ka biya, tambayi direba inda zai sauke a Legas. Wasu Agege suke nufa, wasu Alaba Rago, can wajen Ojo, wanda ya yi maka nisa ƙwarai. Yawanci motar da ta taho ta Ibadan ta tashar Berger take shigowa. In Mile 12 za ka, Ojota ko Ketu ne kusa da kai, in kuwa motar ba ta bi ta nan, sauka a Berger ka nemi ta Ketu. Idan kun iso cikin dare, kada ka fita neman adireshi. Zauna cikin tasha tare da sauran fasinjoji har gari ya waye.

Yanzu ɗan albasan nan. Nauyin da kake ji shi ne mafi tsadar abin da ke cikin wasiƙarka. Kira shi yau, ba ranar da ka shiga mota ba. Ku gaisa sosai, ka tambayi iyali da kasuwa, ka nemi gafarar shirun da aka yi, sannan ka faɗi magana a fili: ranar kaza zan iso, kwana huɗu zan yi, Juma'a zan juyo, ko akwai inda zan ajiye haƙarƙari? Abin da ke sa mazauna kurmi ɗari-ɗari da baƙi daga gida shi ne wanda ya ce kwana biyu ya share wata uku, yana neman aiki a kan tabarmar mutane. Da ya ji kana da ranar komawa da abin da ya kawo ka, hankalinsa zai kwanta. Ka leƙa gidansu kafin ka taso, ka gaida tsofaffi, ka karɓi saƙo in akwai. Ka riƙa masa tsarabar kilishi. Ka kuma san cewa ɗakin da za ka tarar wataƙila mutum biyar ko shida ke kwana ciki, banɗaki na layi ne, ruwa saye ake yi. Sayi naka ruwan, ka sayi burodi da shayi na ɗaki ko da sau biyu, kada ka bari a ciyar da kai kullum. Baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta san kanta ake marmarin dawowarta.

In ya ce babu wuri, kada ka riƙe shi a rai, roƙe shi abu ɗaya: ya nuna maka masauki mai sauƙi da ya sani, ko ya haɗa ka da wani a Agege. Agege ta ma fi maka, tsohon zangon Hausawa ne, da Sarkin Hausawa da masallatai da masu tuwo, kuma tana maƙwabtaka da Ikeja, inda Computer Village take. Ɗakin haya a Agege, Ogba ko Ketu ya fi na tsakiyar Ikeja sauƙi, balle na Victoria Island ko Lekki, waɗanda ba naka ba ne a wannan tafiya. Kada ka tura wa kowa kuɗin ɗaki don ka ga hoto a Facebook. Je da ƙafarka, a buɗe maka ɗakin, murɗa famfo ka ga ruwa, gwada sakata, tambayi ƙarfe nawa ake tada janareto da kashe shi. Biya na dare ɗaya tukuna. Yawancin masaukai ƙarfe 12 na rana suke lissafa sabon kwana, don haka ranar tafiya ka fitar da jakarka kafin nan. In ka ga mashaya ce a ƙasa da kiɗa har asuba, nemi wani. Kwanan masallaci kuma kada ka sa shi cikin lissafi, da yawa kulle su ake yi bayan isha.

Zirga-zirga ita ce ta biyu wajen cin kuɗi, kuma nan ne baƙo ke yin kuskure don gajiya. Ya tsaya a rana, ya rasa gane hanya, ya kira Bolt ko Uber, kuɗin yini guda su tafi a tafiya ɗaya. Ranar da ka isa, nemi katin Cowry a tashar BRT ka zuba masa kuɗi kaɗan. Da shi ake hawa manyan motocin BRT da jiragen ƙasa na cikin gari. Kana ɗora shi kan na'ura in za ka shiga, kuma inda ka ga ana ɗorawa wajen sauka kai ma ka ɗora, don wanda ya manta ana iya cire masa kuɗin zangon gaba ɗaya. Kada ka zuba masa fiye da abin da za ka ci a kwana biyu, ba shi da amfani a Sakkwato. Daga Mile 12, BRT ɗin da ke fitowa Ikorodu yana bi ta Ketu, Ojota da Maryland har cikin tsibirin Legas, kuma a mafi yawan hanyar yana da layinsa shi kaɗai, ba ya shiga cunkoson sauran motoci. Don zuwa kasuwa sai ka sauka Maryland ka hau ta Ikeja. Daga Agege kuwa akwai jirgin da ake kira Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo. Agege zuwa Ikeja tasha ɗaya ce. Yana da lokutan tashi, ka duba su a tashar tun ana gobe.

Danfo, wato ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa, ba makawa sai ka hau. Kuɗinsu ba tsayayye ba ne: yana hawa da safe lokacin fita aiki, da yamma lokacin tashi, da kuma duk sa'ar da hadari ya haɗu. In ka fita bayan ƙarfe goma ka juyo kafin huɗu, ka rage kuɗi ka rage zaman gosulo. Tambayi kuɗin kafin ka sa ƙafa, ka saurari abin da na kusa da kai ya biya. Riƙe ƙananan kuɗi, domin in ka miƙa dubu ɗaya kwandasta ba shi da canji, sai ya haɗa ka da wani fasinja ya ba ku takarda ɗaya ku je ku raba, ka tsinci kanka a bakin titi kana bin wanda ba ka sani ba. In an kira sunan tasharka, ka ɗaga murya ka ce “owa”, in ba haka ba a wuce da kai. Kuma ka hau mota a inda ake lodi. Motar da ba fenti, ta tsaya maka ita kaɗai da asuba ko da dare da mutum uku a ciki, ita ce ake kira wan-cans: fasinjojin ɓarayi ne, su karɓe waya, su tilasta ka faɗi lambar katin banki, su watsar da kai a hanya.

Abu biyu da ba laifi ba ne a gida amma suna jawo kamu a can. Na farko acaɓa. Tun 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da Kosofe inda Mile 12 take, kuma dokar ta haɗa da fasinja, ba mai tuƙi kaɗai ba. Na biyu tsallaka babban titi a ƙasa alhali ga gadar masu tafiya da ƙafa, kamar a Ojota, Ketu ko Oshodi. Jami'ai na tsaye a ɗaya gefen suna jira. Hau gadar ko da ƙafa ta gaji.

Abinci shi ne mai sauƙin sha'ani. Taho da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino da ɗan kilishin kanka, sun isa cin dare biyu ko uku. Fura ba ta kai wa can, kada ka wahala. Da safe mai shayi, ko burodin Agege da wake mai miyar barkono da suke kira ewa agoyin, wanda ke riƙe ciki har la'asar. A ɗakin abinci na bakin hanya da cokali ake sayarwa, nama kuma da ɗaiɗai, saboda haka kai za ka faɗi na nawa za a zuba maka da yanka nawa kake so. In ka ce “a sa min abinci” kawai, an sa maka abin da za ka yi da-na-sani. Ruwa ka sayi jaka guda ta fiya wata mai ƙwaya 20 ka ajiye a ɗaki, ya fi sayen ɗaiɗai. Ka zo da maganin sauro, na can ba ya hutun rani.

A kasuwa ne ya kamata ka yi taka-tsantsan fiye da ko'ina, tun da nan manyan kuɗinka suke. Computer Village tana kewayen titin Otigba, daf da gadar Ikeja. Tun daga baki samari za su tare ka, wannan ya ja hannu, wancan ya ce “aboki, me kake nema?” Kada sunan ya ɓata maka rai, kada kuma ka bi kowa. 'Yan kamasho ne, ladansu a kan kuɗinka za a ɗora, wasu kuma ba su da shago ko ɗaya. Tsohuwar dabarar wurin ita ce a nuna maka waya mai kyau, a karɓa a sa a kwali, a miƙo maka wani kwalin. Ranar Talata ka shiga da takarda da biro, ba da kuɗi ba. Rubuta kayan da kake so tun daga gida, da lambar kowane samfuri, ka tambayi farashi a shago uku ko huɗu, na ɗaya da na goma, ka karɓi katin shagon. Akwai Hausawa masu gyara da masu sayarwa a ciki, ka gaishe su ka tambayi wanda suke saye a wurinsa, sannan ka gwada abin da suka faɗa da farashin da ka rubuta.

Ranar Laraba ka koma wurin biyu da suka fi kwanta maka. Injin iska mai zafi, da mita, da na'urar ba da wuta, duk a jona su a gabanka su yi aiki na wasu mintoci. Sikirin ka tambayi darajarsa a fili, don iri ɗaya yana da na asali da kwaikwayo hawa-hawa, ka gwada wasu daga cikin kwalin da hannunka, ba wanda aka zaɓo maka ba. In za ka sayi waya ta hannu, danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da wadda za a rubuta a rasit, don wayar sata kan kai mai saye ofishin 'yan sanda. Rasit ya kasance da sunan shago da adireshi, a rubuta kwana nawa ake karɓar abin da ya ƙi aiki. Biya ta tura kuɗi, ka duba sunan asusun ya dace da na shagon ko mai shi, kuma sai kaya suna hannunka. Kafin ka fita ka tambaye shi ko yana aika kaya Sakkwato ta tasha, da wace mota, wa ke biyan kuɗin aike. Amsar nan ita ce ribar tafiyar, don ba kowane wata za ka zo ba. A gefe guda, in ka tarar bambancin farashin ƙananan kaya bai taka kara ya karya ba, ka tuna kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta fi kusa da kai nesa ba kusa ba.

Alhamis taka ce. Hau BRT zuwa tashar CMS ko ta TBS, wato Dandalin Tafawa Balewa. Dandalin Tafawa Balewa nan ne aka yi bikin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, lokacin yana filin sukuwa. Da ƙafa za ka isa gidan tarihi na Onikan, inda aka ajiye motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Ana biyan kuɗin shiga, ka tambaya a ƙofa. Azahar ka yi ta a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, ka leƙa masallacin Shitta-Bey na 1894 a titin Martins, ba nisa. Wayarka ta koma aljihun gaba a wannan yanki, cunkoson kasuwannin Balogun da Idumota ba wasa ba ne. A Marina za ka ga ruwa da manyan jiragen da ke shiga Apapa kyauta, in kuma ka hau jirgin Blue Line, wanda ya fara aiki a Satumban 2023, zai ɗaga ka sama da ruwan ya kai ka Mile 2 ka dawo da katinka.

Sai dai wannan ba shi ne tekun da kake nufi ba. Bar Beach da dattawa ke ba da labari babu ita, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Bakin teku yanzu sai ka nausa wajen Lekki, kuma kusan ko'ina akwai kuɗin ƙofa, kujera da rumfa ma na haya ne. Ka duba abin da ya rage maka ranar Laraba da dare. In ya kai, je da hantsi a ranar aiki, ka ci abincinka kafin ka shiga, ka tambayi kuɗin komai kafin ka zauna a kai. Ka tsaya inda ruwan ke taɓa idon sawu. Iyon gulbin Rima ba ya aiki a nan, igiyar tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki. Ka baro tsibirin kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba magariba da isha duk a kan gada za su same ka.

Da ka dawo masauki a daren, kira gida a turo kuɗin dawowa, ka tabbatar da lokacin tashin mota. Sikirin da ƙananan kaya ka naɗe su da tufafinka cikin jakar da za ka rungume a cinya. Injin da sauran masu nauyi su shiga kwali, a ɗaure da salatif, ka rubuta sunanka da lambarka a gefe biyu, ka tsaya ka ga inda yaron mota ya sa shi kafin ka zauna. Rasit ɗin kuma su kasance a jikinka, don ana tambayarsu a shingayen hanya.